Yadda ake haɗa tiren ƙyanƙyasa na injin ƙwai a gida

Yawancin masu haɗa injin ƙyanƙyasa da hannunsu, hankalinsu yakan tafi ne kan abin ba da zafi, da fanka, da abin juya ƙwai. Sai rana ta 18, wato ranar da ake daina juya ƙwan kaza, ta ƙarato sannan a fara neman inda za a kwantar da ƙwan, a ɗauko kwali ko faranti mai santsi a cusa ciki. A nan ake asarar 'yan tsakin da suka riga suka yi kwana 18 suna girma lafiya lau. Wani ya fito ƙafafunsa sun tale, wani ya faɗa kwanon ruwa, wani ya maƙale a bayan fanka, wani kuma ya mutu a cikin ɓawo saboda iska ba ta kai gare shi ba. Duk wannan ana iya kauce masa da ɗan katako, da raga, da aikin yini guda.

Tiren ƙyanƙyasa aiki uku yake yi. Yana barin iska ta ratsa ƙwan ta ƙasa da sama da gefe, yana ba tsako wurin da zai kafa ƙafa ba tare da ya zame ba, sannan yana tsare shi wuri ɗaya har ya bushe. Kowane awo da kowane zaɓin kaya da za ka gani a nan, daga waɗannan ukun ya fito.

Me ya sa tiren juyawa ba zai yi ba

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. A kwana 18 na farko ana juya shi don kada ɗan tayin ya manne da tantanin ciki. A kwana ukun ƙarshe kuwa tsako ya cika ƙwan, yana gyara kwanciya, yana kai bakinsa wajen aljihun iskar da ke gefe mai faɗi. Zai fara huda tantanin ya shaƙi iskar aljihun, sannan ya fasa ɓawo, ya huta, daga baya ya riƙa juyawa yana tsaga ɓawon a zagaye kamar ana buɗe gwangwani, har ya ture murfin da ƙafafunsa. Wannan turin yana buƙatar fili. A cikin tiren juyawa ƙwan a tsaye yake cikin rami, ba inda ɓawon zai buɗe, ga kuma ƙarafa da ramuka da za su kama ƙafar tsako ko wuyansa. Shi ya sa ake sauke ƙwan a kwantar da shi a gefensa, a kan shimfiɗa madaidaiciya.

Akwai wani dalilin kuma. A kwanakin ƙarshe tsako yana shaƙar iska fiye da kowane lokaci, kuma jikinsa da kansa yana fitar da zafi. Ƙwai 30 da ke dab da fashewa suna ɗumama wurin da suke. Idan ƙasan tiren a toshe yake, zafin zai taru a tsakiya, iskar da suka fitar ta tsaya a kansu. Raga ce take hana haka.

Fara da awo

Kada ka yanka komai kafin ka auna cikin injinka. Awon da ka gani a wurin wani na injinsa ne. Ɗauki tef ka auna faɗi daga bango zuwa bango, da zurfi daga ƙofa zuwa baya, ka lura da duk abin da ya turo ciki: kan noti, wayar wuta, bakin ma'aunin zafi, robar da ke jikin ƙofa. Auna kuma bakin ƙofar kanta, don sau da yawa ya fi cikin ƙunci, kuma ta nan tiren zai shiga.

Daga abin da ka samu, rage santimita 3 a kowane gefe. Wannan ratar ita ce hanyar iska. Tiren da ya cika injin dam yana raba shi gida biyu, sama ya yi zafi, ƙasa ya yi sanyi, danshin da ke tashi daga ruwa kuma ya kasa hawa.

Bari mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe. Injin da cikinsa yake da faɗin santimita 50 da zurfin 40, tirensa zai zama 44 da 34 daga waje. Idan aka yi amfani da katako mai kaurin santimita 2, cikin tiren zai zama 40 da 30. Ƙwan kaza matsakaici tsawonsa bai kai santimita 6 ba, faɗinsa kuma ya ɗan haura 4, don haka idan ya kwanta yana cin fili kamar murabba'in santimita 25 zuwa 27. Amma kada ka yi lissafi da wannan. Ba kowane ƙwai murabba'in santimita 40, saboda tsako da ɓawonsa sun fi ƙwan cin wuri. Ninka 40 da 30, ka samu 1,200, ka raba da 40. Wannan tire na ƙwai 30 ne. Ana iya matsa 34 ko 35 a ciki, amma ni ba na son haka. Idan wuri ya yi ƙunci, rabin ɓawon da wani ya fito daga ciki yakan kife a kan gefe mai faɗi na ƙwan da bai fashe ba, ya zama ɓawo biyu, tsakon ciki ya kasa hudawa.

Sai tsayi. Daga raga zuwa murfi a bar santimita 10. Tsako yana bushewa zai miƙe ya fara tsalle, kuma bangon santimita 5 ko 6 ba ya tsare shi. Da ƙafafun tiren da murfinsa, duka zai kai kamar santimita 13, to ka tabbatar akwai sauran fili tsakanin murfin da fanka ko abin ba da zafi.

Ga wani awo da ake yawan mantawa da shi: tsayin da ƙwan yake zaune a cikin injin. Kafin ka cire tiren juyawa, auna daga ƙasan injin zuwa saman ƙwai, ka sa alama a bango. A injin da ba shi da fanka, zafi hawa-hawa yake, na sama ya fi na ƙasa, kuma saukar da ƙwai da 'yan santimita kaɗan yana iya rage masa zafi da digiri guda ko fiye. Tirenka ya ajiye saman ƙwan kusa da wannan alamar gwargwadon iko. A injin mai fanka bambancin bai kai haka ba, amma ko a nan ma ya fi kyau bakin ma'aunin zafi ya kasance daidai saman ƙwai.

Kayan aiki

Ragar ita ce zuciyar aikin, don haka a kanta zan fi tsayawa. Nemi ragar waya mai ido murabba'i, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, mai ido milimita 6. Wannan idon shi ne daidai ga kaza, agwagwa, talotalo da zabo: yatsun tsako suna kama wayar, amma ƙafar ba ta zurma. Raga mai ido milimita 12 ko 13 ta yi faɗi. Ƙafa takan shige har gwiwa, tsako ya yi ta fizga har ya ji rauni. Ragar kaji ta akurki mai manyan idanu kuwa kada ma a kawo ta kusa. Ga salwa, wadda tsakonta bai fi girman babban yatsa ba, sai mai ido milimita 3, ko kuma a shimfiɗa ragar sauro ta roba a kan mai milimita 6. Ragar sauro ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyi, tana lotsawa, kuma gashin 'yan tsaki yana toshe ta da wuri. In ka samu ragar da aka lulluɓe wayarta da roba, ta fi, domin ba ta da kaifi, kuma tana jure wanki.

Katako ya zama busasshe, marar nauyi, mai kaurin santimita 2 da faɗin 2. Ɗanyen katako zai karkace da zarar ya sha zafi da danshi. Guji wanda aka jiƙa da maganin gara ko baƙin mai, da allon da aka matse daga garin katako, saboda na farko yana fitar da tururi mai cutarwa a cikin zafi, na biyun kuma yana kumbura ya ruguje idan ya sha laima.

Ga tiren 44 da 34, yanka haka: guda 4 masu santimita 44, guda 4 masu santimita 30, da ginshiƙai 4 masu santimita 6. Sai siraran katakai 3 masu tsawon 34 da kaurin santimita 1 na ƙafafu. Na murfi kuma guda 2 masu 44 da guda 2 masu 30.

Sauran kayan su ne zarto, tef, abin duba kusurwa, almakashin yanka waya, filaya, sanfefa, gam ɗin katako mai jure ruwa, ƙusoshi masu murɗi waɗanda ba sa tsatsa, da sitefilar kafinta ko ƙananan ƙusoshi da za a lanƙwasa a kan waya. Sa safar hannu lokacin yankan raga, bakinta yana yanka fata.

Haɗawa

Da farko goge kowane katako da sanfefa har sai ka shafa ba ka ji tsini ba. Fatar tsakon da ya fito yanzu siririya ce ƙwarai, cibiyarsa ma ba ta gama rufewa ba, ƙaramin sartse ya isa ya buɗe wa cuta hanya.

Haɗa firam ɗin ƙasa: dogaye biyu a gaba da baya, gajeru biyu a tsakaninsu. Huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura ƙusa, don siririn katako yana tsagewa idan an tura masa ƙusa kai tsaye a kusa da baki. Shafa gam, ka ɗaure. Don ka san ya tsaya daidai, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ka auna ɗayan ɓangaren. Idan awo biyun sun zo ɗaya, firam ɗin bai karkace ba. Yi firam na biyu irinsa sak, shi ne na sama.

Kafin ka haɗa su, yi fenti yanzu, domin bayan an sa raga buroshi ba ya shiga lungu. Katakon da ba a rufe shi ba yana shan ruwan ƙwai da kashin tsaki, ya zama gidan fumfuna da ƙwayoyin cuta. Shafa banish ko fenti mai jure ruwa sau biyu a kan firam biyun, da ginshiƙai, da ƙafafu, da katakan murfi, musamman bakin da zarto ya yanka. Bar su a wuri mai iska har sai ka kai hanci ba ka ji wari ko kaɗan ba. Wannan yana iya ɗaukar mako guda ko fiye, shi ya sa ake fara aikin tiren tun kafin a zuba ƙwai a injin.

Yanzu ragar ƙasa. Yanka 46 da 36, wato ka ƙara santimita 1 a kowane gefe. Lanƙwasa wannan ƙarin da filaya, ka danne shi ya kwanta, ta yadda tsinin wayar zai koma ciki. Kifa firam ɗin, ka ɗora ragar a bayansa. Ka lura, a ƙarƙashin firam ake kafa ta, don duk bakin waya ya kasance a waje, inda tsako ba zai taɓa shi ba. Fara kafawa daga tsakiyar dogon gefe ɗaya, ka ja ragar da ƙarfi zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarsa ka kafa, haka ma gajerun gefuna, sannan ka bi zuwa kusurwoyi, ƙusa ɗaya a kowane santimita 4 ko 5. In ka fara daga kusurwa ka zagaya, ragar za ta yi ciki a tsakiya.

Wannan cikin ba ƙaramin aibi ba ne. Ƙwai 30 masu nauyin giram 60 sun kusa kilo 2. Idan ragar ta lotsa, duk ƙwan zai gangaro tsakiya ya taru, 'yan tsakin da suka fara fitowa su hau kan sauran. Maganinsa shi ne siraran katakan nan 3. Kafa ɗaya a ƙarƙashin gefen dama, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, duk suna tafiya daga gaba zuwa baya. Na gefe suna danne bakin ragar, suna kuma ɗaga tiren don iska ta bi ta ƙasa, na tsakiyar kuma yana tallafe nauyi. Bayan ka kafa su, danna ragar da tafin hannu. Ta tsaya kyam, kada ta yi wasa.

Juyo da firam ɗin, ka tsayar da ginshiƙai huɗu a kusurwoyi, ka ɗora firam na sama, ka ɗaure da gam da ƙusa. Kauri 2, ginshiƙi 6, kauri 2: ka samu santimita 10.

Bango ma da raga za a yi shi. Wasu sukan sa allon katako a zagaye don ya fi sauƙi, amma allo yana tare iskar da fanka ke turowa ta gefe, ƙwan da ke kusurwa ya zauna a cikin iska marar motsi. Yanka doguwar raga mai tsawon santimita 160 da faɗin 12, lanƙwasa santimita 1 sama da ƙasa, ka naɗe ta a jikin firam ɗin ta waje, kana kafawa sama da ƙasa da jikin ginshiƙai. Inda bakin biyu suka haɗu, sa su haɗu a kan ginshiƙi. Idan ka gama, zura hannu ba safa ka shafa ko'ina a hankali, ciki da waje. Duk tsinin da ka ji, danne shi ko ka goge shi.

Murfin firam ne mai sauƙi da raga a samansa. Kada ka ce ba ka buƙatarsa don bangon ya kai santimita 10. Tsako yana hawa kan ƙwai, ya hau kan ɗan'uwansa, ya tsallake. Kama murfin da ƙananan hinji biyu a baya da ƙugiya a gaba, ko kuma ka bar shi a sake ka riƙa ɗaure shi da 'yar waya a gefe biyu. Na sake ya fi daɗin wanki. Abin da ake so dai kada ya zame idan an ja tiren, kuma a iya hango ciki ta gilashin ƙofa.

In kana son sanin tsakon da ya fito daga wane ƙwai, misali kana zuba jinsi biyu tare, yi allon raba ɗaki da raga mai tsayi har murfi, ka ɗaure shi da waya a bango. Wannan allon yana da wani amfani: idan ƙwan ya ragu bayan an fitar da baragurbi, sai ka matso da shi ka rage filin, don kada 'yan tsakin farko su riƙa gara sauran ƙwan daga bango zuwa bango. Ƙwai su ɗan taɓa juna ba laifi ba ne.

Wanda ba shi da kayan kafinta yana iya amfani da kwandon roba mai kusurwa huɗu, mai ƙananan huji ƙasa da gefe, muddin ya shiga injin da ratar da aka faɗa. Idan ƙasansa a toshe yake, a yanke shi a bar baki kamar santimita 2, a ɗaure raga da wayoyin ɗauri na roba, kullinsu yana waje. Roba ma ta fi katako sauƙin tsabtacewa.

Shimfiɗa

Tsako yana fitowa jiƙe, a gajiye, ƙafafunsa ba ƙarfi. A awannin farko yana ta yunƙurin tashi. Idan ƙasan yana da santsi, kowane yunƙuri yana tura ƙafa ɗaya dama, ɗaya hagu, har su tale su zauna a haka. Irin wannan tsakon yana kwance a kan ƙirji, ba ya iya zuwa wajen ruwa da abinci, kuma in ba a ɗaure masa ƙafafun da wuri ba, da wuya ya tashi. Abin takaicin shi ne lafiyarsa ƙalau ya fito, ƙasan da ya taka ne ya nakasa shi.

Raga mai ido milimita 6 ita kaɗai ta isa ta hana wannan. In kana son ƙara laushi, shimfiɗa tabarmar roba mai huji-huji, irin wadda ake sa wa a cikin durowa don kada kaya su zame, ka yanka ta daidai cikin tiren. Ɗaga ta ka duba haske: in haske yana ratsawa sosai, iska ma za ta ratsa. Kada a sa jarida, ko leda, ko kwali mai sheƙi. Tawul mai zare-zare yana kama farce, tsumma mai zare a baki yana naɗe yatsa. Dusar katako da yashi kuwa toshe raga suke yi, fanka kuma ta watsa ƙurarsu.

Zaunar da tiren da kwanon ruwa

Idan injin yana da layin da tire ke zamewa a kai, shi ke nan. In babu, gitta sanduna biyu na alminiyam daga bango zuwa bango, ko ka kafa ƙananan tubalan katako huɗu, ka ɗora tiren. Kada ka yi doguwar kanta da za ta toshe ratar gefe. Duba ko ya zauna daidai: ajiye ƙwai ɗaya a tsakiya, in ya gangara gefe, gyara.

Kwanon ruwa yana ƙarƙashin tiren, da rata kamar santimita 3 zuwa 5 tsakanin ruwan da raga. Danshi yana ƙaruwa ne da faɗin fuskar ruwa, zurfinsa bai da tasiri sai dai ya daɗe bai ƙafe ba. Don haka idan kana son ƙarin danshi a kwanakin ƙarshe, ƙara kwano na biyu ko ka tsoma soso mai tsabta rabinsa a waje. Dabarar da ta fi kowace amfani a nan ita ce a zura siririn tiyo daga waje zuwa kwanon, yadda za ka ƙara ruwa mai ɗumi da sirinji ba tare da ka buɗe ƙofa ba.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanke tiren, ka bar shi ya bushe, ka sa shi a injin ba ƙwai, ka kunna na awa 24. Ajiye ma'aunin zafi a tsakiyar tiren a tsayin ƙwai, bayan wani lokaci ka mayar da shi kowace kusurwa, kana ba shi lokaci ya daidaita kafin ka karanta. A injin mai fanka ana neman digiri 37.5 ko kusa da haka, kuma bambanci tsakanin kusurwoyi kada ya wuce rabin digiri. In ya wuce, wani abu yana tare iska, sai a ƙara rata ko a gyara zaman tiren. Buɗe ƙofar ka shaƙa. In akwai warin fenti, tiren bai shirya ba.

Ma'aunin danshi ma yana ƙarya. Jiƙa gishiri a murfin kwalba, ya jiƙu amma kada ya narke, ka rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba marar shigar iska na awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna kashi 75 cikin 100. Duk abin da ya nuna sama ko ƙasa da haka, ka riƙe bambancin kana gyara karatunka da shi.

Ranar sauke ƙwai

Ga kaza rana ta 18 ce. Ƙa'idar ita ce kwana uku kafin ranar fitowa: talotalo da agwagwar da ke kwana 28 a rana ta 25, agwagwar da ke kwana 35 a rana ta 32, salwa mai kwana 17 zuwa 18 a rana ta 14 ko 15. Zabo yana fitowa tsakanin kwana 26 da 28, don haka gara a sauke shi tun rana ta 23 ko 24. Wannan bambancin ne ya sa ba a haɗa jinsi daban-daban a zubi ɗaya sai an lissafa ranakun su zo tare.

Ɗumama tiren a cikin injin tukuna idan akwai wuri. Wanke hannu, ka haska kowane ƙwai da tocila a wuri mai duhu. Mai rai zai yi duhu gaba ɗaya, sai aljihun iska a gefe mai faɗi. Wanda haske ya ratsa shi fes, ko mai wari, ko mai tsattsafo da ruwa, fitar da shi, domin baragurbi yana iya fashewa ya watsa ƙwayoyin cuta a kan sauran. Kwantar da masu kyau a gefensu, ka yi aikin a natse amma ba da jinkiri ba, ka rufe murfi, ka kashe abin juyawa. Ɗaga danshi daga kashi 50 zuwa 55 da yake a baya, zuwa kashi 65 zuwa 70. Kada ka toshe ƙofofin iska don neman danshi, yanzu ne ma ake ƙara buɗe su.

Daga nan sai haƙuri. Tsakanin huda ɓawo da fitowa, tsako yana iya ɗaukar awa 12 zuwa 24, kuma a wannan lokacin yana janye sauran gwaiduwa da jinin tantani zuwa cikinsa. Buɗe ƙofa yana zubar da danshi nan take, tantanin waɗanda suka huda ya bushe ya manne musu. Waɗanda suka fito ba sa buƙatar ci ko sha a take, gwaiduwar da suka janye tana riƙe su kwana biyu zuwa uku. Bar su a tiren har gashinsu ya bushe ya tashi, sannan ka ciro tiren gaba ɗaya da murfinsa a rufe, ka kwashe su zuwa wurin reno da aka riga aka ɗumama zuwa digiri 32 zuwa 35. Idan akwai sauran ƙwai, mayar da su da sauri, ka ba su har rana ta 23 in na kaza ne.

Bayan ƙyanƙyasa

Kafin ka zubar da waɗanda ba su fashe ba, dubi inda suke a cikin tiren. Idan sun taru a kusurwa ɗaya ko gefe ɗaya, wannan wurin yana da sanyi ko ƙarancin iska, kuma ka san abin da za ka gyara kafin zubi na gaba. Duba ragar ma, ko akwai jini a wani wuri, alamar tsinin da hannunka bai ji ba.

Wanke tiren a ranar, kafin ƙazantar ta bushe ta kama. Kakkaɓe ɓawo da gashi, ka goge da buroshi da sabulu da ruwa mai ɗumi, ka bi mahaɗar katako da raga inda datti yake ɓuya. Sai an cire dattin sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta yake aiki. Jiƙa shi a ruwan bilic da aka surka yadda aka rubuta a jikin kwalbar na minti 10, ka ɗauraye sosai, don bilic yana cin waya idan ya zauna, kuma kada a haɗa shi da wani sinadarin wanki. Shanya shi a rana har ya bushe ƙarau. Tabarmar robar a wanke ta daban, ko a sake sabuwa idan ta fara yagewa. Duk lokacin da fenti ya fara ɓarewa, a goge a sake shafawa, idan kuma tsatsa ta fito a raga, a cire ta a kafa sabuwa a kan firam ɗin.